Yadda Ake Amfani da Kalmar Turanci “New” Ba Tare da Kuskure Ba

Masu karatu sun daɗe suna turo min tambayoyi a kan wata 'yar kalmar Turanci mai haruffa uku, wato “new”. Ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC yana son ya san abin da ya sa malami ya ja masa jan biro a ƙarƙashin “a new information”. Mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yana tambayar bambancin “brand new” da “like new” kafin ya tura kuɗin oda. Wata baiwar Allah ta zo cike fom ɗin fasfo, ta ga “fresh” ta ga “renewal”, ta rasa wanda za ta danna. Na ga gara in haɗa amsoshin wuri guda, a jere yadda ya kamata a bi su.

Kowa ya san “new” tana nufin sabo, shi ya sa mutum yake ɗauka ya gama da ita. Amma kalmar ba ta faɗa maka ta wace fuska abu yake sabo. Yanzu aka ƙera shi, ko kuwa yanzu ya shigo hannunka? A kan wannan tambayar komai ya rataya, don haka na sa tantance ma'ana gaba da ƙa'idojin rubutu. Zan riƙa cewa “ka” don sauƙi, amma jagorar ta maza da mata ce.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Abu na farko ƙamus ne irin na masu koyon Turanci, wanda yake kawo misalan jimloli. Oxford Learner's Dictionaries da Cambridge Dictionary duk suna intanet kyauta, data kawai za ka ci, kuma kowannensu yana da maɓallin sauraron furuci na Birtaniya da na Amurka. In bugagge kake so, tsohon bugu na hannu ya ishe ka, ba sai ka sayi na bana ba. Sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, da wayarka don naɗar muryarka. Lokaci kuwa, minti 15 a rana na mako guda ya wadatar.

Hattara: kada ka dogara da manhajar fassara ita kaɗai. Ka ba ta “new”, ta ba ka “sabo”, ta tsaya nan. Ba za ta gaya maka inda kalmar ba ta shiga ba.

1. Gyara furucin

Turawan Birtaniya suna cewa “nyu”, da ɗan sautin “y” a tsakiya. Yawancin Amurkawa suna cewa “nu”. Duka daidai ne, amma makarantunmu da WAEC da NECO tsarin Birtaniya suke bi, don haka shi za ka riƙe in jarrabawa ce a gabanka. Ka saurari ƙamus sau uku, ka naɗi muryarka, ka gwada su.

Hattara: “knew”, wato ya sani a da, furucinta ɗaya da “new”, domin ba a furta “k” ɗin. A kunne babu bambanci, a takarda ne kuskuren yake fitowa. Sannan a takardar gwajin furuci, “new” tana tafiya da “few” da “view”, ba ta tafiya da “sew”, duk da ƙarshen rubutunsu ɗaya ne. Ita “sew”, wato ɗinki, kamar “so” ake furta ta.

2. Tambayi kanka: sabo ta wace fuska?

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kafin ka rubuta kalmar, ko kafin ka yarda da ita in wani ya rubuta maka, ka gano wacce ake nufi cikin ma'anoni biyar.

Ta farko, abin da bai daɗe da samuwa ba, yanzu aka yi shi ko aka fito da shi. “A new road”, sabuwar hanya. “A new law”, sabuwar doka. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, jaridu “new naira notes” suka riƙa rubutawa. Kishiyar wannan ma'anar ita ce “old”.

Ta biyu, abin da ba wanda ya taɓa amfani da shi, sabo fil a ledarsa. Kishiyarta “used” ko “second-hand”, na hannu ke nan, ko gwanjo in tufafi ne. Kada ka haɗa ta da ta farko. Takalmi zai iya shekara biyar a shago ba a taɓa sa shi ba, yana nan “new” a wannan ma'anar duk da ya daɗe.

Ta uku ita ce ta fi rikita mutane: abin da yake sabo a wajen mai shi kawai, ko wanda ya maye gurbin wani. In abokinka ya ce “Come and see my new car”, bai yi maka alkawarin daga kamfani ta fito ba. Tana iya zama 'yar Kwatano mai shekara 15, kuma Turancinsa daidai ne, bai yi ƙarya ba. Haka “my new address”, adireshin da na koma, ko da gidan tun na kakanni ne. “Our new principal”, shugaban makarantar da aka kawo mana, ko da saura shekara guda ya yi ritaya. Kishiyar wannan ita ce “former” ko “previous”, ko “old” da ma'anar na da.

Ta huɗu, baƙunta da rashin sabawa. “I am new here”, ni baƙo ne a nan, ban daɗe da zuwa ba. “This is new to me”, ban saba da wannan ba, yau na fara gani.

Ta biyar, farawa ko sake farawa: “a new day”, “a new term”, “a new life”.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, akwai hanya mai sauƙi. Faransanci ya raba abin gida biyu: “une voiture neuve” mota ce da ba a taɓa hawa ba, “une nouvelle voiture” kuwa wadda mutum ya sake ce. Turanci ya zuba su duka cikin “new”. In “neuf” kake nufi kuma kana son a fahimce ka sarai, ka ce “brand new”.

Hattara: in kana son ka ce kai baƙo ne a wurin aiki ko a unguwa, kada ka ce “I am a guest” ko “I am a visitor”. Waɗannan na wanda ya zo ya koma ne. “Stranger” kuma wanda ba a san shi ba ne sam. Wanda ya zo zama ko ya kama aiki, “I am new here” zai ce.

3. Duba ko wata kalma ta fi ta dacewa

“Sabo” a Hausa tana da faɗi, tana shiga wuraren da Bature zai ɗauko wata kalma daban. Bayan ka gano ma'anar da kake nufi, ka auna ta da waɗannan.

In abinci ne ko abin sha, kusan kullum “fresh” ake cewa: “fresh milk”, “fresh bread”, “fresh tomatoes”, “fresh fish”. Ka ce “new bread” za a gane ka, amma mai ji zai iya ɗauka wani sabon nau'in burodi ne aka fito da shi. Amfanin gona na farkon kaka ya fita daga wannan ƙa'idar, shi ya sa ake cewa “new yam”, kamar a bikin sabuwar doya na ƙasar Ibo, da “new potatoes”. Ka kuma lura “fresh water” ruwan da ba na gishiri ba ne, irin na kogi da tafki.

A ofisoshin Najeriya “fresh” tana da wani aikin. A fom ɗin fasfo, “fresh” ta wanda bai taɓa yin fasfo ba ce, “renewal” ko “re-issue” ta wanda yake da shi ya ƙare ko yake son a sake masa. A jami'a ma “fresh students” su ne sababbin ɗalibai, “returning students” tsofaffi.

Hattara: in ka taɓa yin fasfo, ko da ya ƙare shekaru da yawa, kada ka danna “fresh” don kana son sabon littafi. Bayananka da zanen yatsunka suna nan a rumbun hukuma, kuma gyara kuskuren bayan ka biya kuɗi wahala ce da za ka iya kauce wa tun farko.

“Latest” ita ce na baya-bayan nan, wanda ba a yi wani bayansa ba tukuna. Waya tana iya zama “new” a kwalinta amma ba “the latest model” ba ce. Kada ka musanya ta da “last”: “his latest book” littafinsa na baya-bayan nan, “his last book” yana iya nufin na ƙarshe, ba wani kuma.

“Recent” na kwanan nan ne. In fom ya ce “recent passport photograph”, hoton da ka ɗauka kwanan nan ake so, ba tsohon hoto da ka sake wankowa jiya ba.

“Modern” na zamani ne. “Another” kuma wani ne, ko ƙari. Ka sha shayi kana son ƙari, “another cup” za ka ce. In ka ce “a new cup”, za a ɗauka kofin ne bai yi maka ba.

“Novel” in ta zo a sifa tana nufin irin da ba a taɓa gani ba, kuma ta fi zama a rubutun ilimi. Da ita aka riƙa kiran ƙwayar cutar korona a farkon 2020, “novel coronavirus”. A hira ta yau da kullum ba ka buƙatarta.

Hattara: “new” ba ta nufin ƙuruciya. Malami matashi “a young teacher” ne. “A new teacher” wanda aka kawo kwanan nan ne, ko da furfura ta cika masa kai.

4. Ajiye ta a gurbinta cikin jimla

A Hausa muna cewa sabon gida, sabuwar riga, sababbin motoci. Sifar tana sauyawa da jinsi da adadi. A Turanci ba ta motsi ko kaɗan: “a new house”, “a new dress”, “new cars”. Kada ka taɓa ƙara mata “s” don jam'i, domin “news” wata kalma ce daban, labarai.

Gurbinta biyu ne. Ko ta zo gaban suna, “a new phone”, ko ta zo bayan aikatau irin su “is” da “looks”, kamar “The phone is new”, “It looks new”. Hausa ta yarda ka ce “gida sabo”, Turanci bai yarda da “a house new” ba. Inda take komawa baya shi ne bayan “something”, “anything” da “nothing”: “something new”, “nothing new”. Kuma “a new” ake cewa, ba “an new” ba, ko da sunan da ke biye da wasali ya fara. “An idea”, amma “a new idea”.

Ga wata ƙa'ida da Bahaushe ya fi tuntuɓe a kanta. Mu muna cewa “ina son sabo” mu yi shiru, magana ta cika. A Turanci sai ka jingina mata “one”, ko “ones” in jam'i ne. “My bag is torn, I want a new one.” “These shoes are old, I need new ones.” In ka tsaya a “I want a new”, mai sauraro yana nan yana jiran sauran maganar.

In sifofi sun taru, Turanci yana da jerin da yake bi: ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi shi da shi. “New” tana layin shekaru, don haka tana bayan girma, tana gaban launi. “A big new house.” “A new white gown.” “A beautiful new Japanese car.” A shawarata kada ka tara fiye da uku, jimlar tana yin nauyi.

Hattara: akwai sunayen da Turanci ba ya ƙirga su, ba sa karɓar “a” kuma ba sa karɓar “s”, ko da “new” ta shiga tsakani. Su ne irin su “information”, “furniture”, “equipment”, “advice”, “luggage”. Ka ce “new information”, “some new furniture”, ko “a new piece of equipment”. Abin da ya jawo wa ɗalibin can jan biro ke nan, kuma masu duba jarrabawa ba sa ɗaga ƙafa a kansa.

5. Zaɓi ƙaramar kalmar da za ta biyo ta

In ma'anar baƙunta kake nufi, ɗaya daga cikin ƙananan kalmomi uku ce za ta biyo baya. “New to” ita ce ta fi yawa, kuma tana aiki ta fuska biyu: “I am new to this job”, ni sabon shiga ne a aikin, “This job is new to me”, aikin baƙo ne a wajena. “New in” ta wuri ce, “She is new in town”. “New at” ta aikin da ake koyo ce, “He is new at driving”. In ka yi shakka ka ɗauki “to”, da wuya ta ba ka kunya.

Hattara: in aikatau ne zai biyo bayan “new to”, sai ya ɗauki “ing”. “I am new to teaching”, ba “I am new to teach” ba.

6. Kwatanta da ƙarfafawa

Wannan ya fi wancan sabunta: “newer”. Wanda ya fi duka: “the newest”. “My phone is newer than yours.” “This is the newest building in the school.” Ba a cewa “more new”, balle “more newer”.

Sabo fil, sabo dal, shi ne “brand new”. Ta riga ta kai maƙura, ba a ƙara mata “very”. In ta zo gaban suna, da yawa suna sa mata karan ɗori, “a brand-new bus”. In ta zo bayan aikatau a bar ta haka, “The bus is brand new”.

Hattara: kada ka juya ta. “New brand” tana nufin sabon tambarin kaya, sabon kamfani a kasuwa. “A new brand of soap” sabulu ne mai sabon suna. Ina yawan ganin “new brand car” a tallace-tallace, kuma duk mai sayen da ya san Turanci zai fara shakkar mai tallan tun daga nan.

“As good as new” kuma ba sabo ba ne. Abu ne da aka gyara ko aka kula da shi har ya koma kamar sabo. Makanike ne yake faɗin ta bayan ya gama aiki.

7. San 'yan gidansu

“Newly” tana zuwa ne gaban kalma irin su “built”, “married”, “elected”, “appointed”: “a newly built mosque”, “the newly elected chairman”. Ba ta tsayawa da aikatau ita kaɗai. Maimakon “I newly came”, ka ce “I have just arrived” ko “I came recently”.

“News” tana da “s” amma tilo ce, kuma ba a ƙirga ta. “The news is good”, ba “are” ba. Ba a cewa “a news”. Ka ce “some news” ko “a piece of news”. “I have good news for you”, ba “a good news” ba.

“Renew” sabuntawa ce ta abin da wa'adinsa yake ƙarewa: lasin tuƙi, fasfo, kuɗin haya, kwantiragi. Gyaran gini “renovate” ne. Sabunta manhaja ko bayanai a banki “update” ne. Hausa tana iya cewa “sabunta” a duka ukun, Turanci ya raba su.

Sauran ba su da wuya: “newborn” jariri sabon haihuwa, “newcomer” sabon zuwa, “newlyweds” ango da amarya.

8. Karanta tallan kaya da idon basira

Wannan matakin ne ya shafi aljihunka kai tsaye, kuma saboda shi na fi damuwa da a fahimci mataki na 2. Mai sayarwa ya san “new” tana da fuska da yawa, kuma ba kowa ne zai tsaya ya fayyace maka ba.

“Brand new” ko “new, sealed” shi ne wanda ba a buɗe kwalinsa ba. “Open box” an buɗe kwalin, wataƙila wani ya saya ya mayar, ko an ajiye shi a shago don nuni. “Like new” an yi amfani da shi, sai dai bai ji jiki ba. Kalmar “like” ita ce take gaya maka ba sabo ba ne. “Refurbished” an yi amfani da shi ko ya samu matsala, aka gyara aka sake fito da shi, kuma a Amazon irin wannan kayan “Renewed” ake rubuta musu. “Pre-owned” hanya ce mai laushi ta cewa na hannu. A kasuwanninmu kuma za ka ji “UK used”, “London used”, “foreign used”, “fairly used” da “tokunbo”, dukansu na hannu ne.

Akwai kuma “new old stock”: kayan da ba a taɓa amfani da su ba amma sun daɗe a ajiye. A kan kwano ko kujera ba damuwa. A kan batir da taya kuwa da damuwa, domin suna lalacewa ko a ajiye. A jikin taya akwai lambar da ta fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2322, mako na 23 ke nan na shekarar 2022. Taya tana iya zama “new” a bakin mai shago alhali ta shekara da shekaru a sito.

Ga yadda za ka bi in waya ce. Da farko ka yi tambayar da ba ta da ƙofar zillewa, a rubuce: “Is it brand new and sealed, or has it been used or refurbished?” Kada ka tambaya “Is it new?” kawai, domin “yes” ɗin da za a ba ka tana iya nufin sabon zuwa shago. Na biyu, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Na uku, in iPhone ce, ka shiga Settings, General, About, ka dubi harafin farko na lambar samfurin: M sabuwa ce daga kamfani, F wadda aka gyara ce, N wadda aka bayar a madadin wata. Na huɗu, ka sa a rubuta maka matsayin kayan a rasit, da tsawon garanti.

Hattara: “new arrival” da “new stock” ba su ce komai a kan kayan kansu ba. Suna nufin yanzu kayan suka iso. Dilar gwanjo da aka kwance yau da safe ita ma “new arrival” ce.

In kai ne mai sayarwa, ka rubuta gaskiyar abin da kalmar da ta dace. Kuma ka bar “tear rubber”, wato sabo fil, a hirar kasuwa, Turancin buroka ne, ba ya shiga takardar kwangila ko wasiƙar ofis.

9. Sunaye, manyan baƙaƙe da maganganun da ba a fassara su kai tsaye

In “new” tana cikin sunan wuri ko na hukuma, da babban baƙi ake rubuta ta kuma ba a taɓa ta: New York, New Delhi, New Zealand, jaridar New Nigerian da aka kafa a Kaduna a 1966, jam'iyyar New Nigeria Peoples Party. Haka in ka juya: Sabon Gari sunansa Sabon Gari a kowane harshe, kada ka mai da shi “New Town” a adireshi, wasiƙarka ba za ta isa ba.

Gaisuwar sabuwar shekara “Happy New Year” ce, kowace kalma da babban baƙi. Ranar 1 ga Janairu “New Year's Day”, daren 31 ga Disamba “New Year's Eve”. Ranar 1 ga Muharram kuma “Islamic New Year”.

Hattara da “new moon”. A kalandar waya da ta masana taurari, tana nufin lokacin da wata ya ɓuya gaba ɗaya, ba a ganinsa. Jinjirin watan da ake dubawa don azumi ko salla “crescent” ne, kuma sai bayan wancan lokacin yake bayyana. Jaridu sukan kira jinjirin watan ma “new moon”, shi ya sa ake ruɗewa. Kada ka ga kwanan wata a manhaja ka ce ranar za a ga wata. A Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi ake jira.

Wasu maganganu kuma haddace su ake yi yadda suke. “What's new?” gaisuwa ce tsakanin abokai, kamar “wane labari?”, amsarta “Not much” ko “Nothing much”, ba a yi wa babba ko shugaba a wurin aiki ita. “Turn over a new leaf” mutum ya sauya hali ya kama hanyar kirki. “Break new ground” a yi abin da ba a taɓa yi ba a wani fanni. “That's news to me” kuwa tana nufin yanzu nake ji, sau da yawa da ɗan mamaki ko rashin jin daɗi, don haka ka bambanta ta da “That's new to me”.

Hattara: “new blood” ba ita ce “sabon jini” tamu ba. Mu matashi mai ƙarfi muke nufi. Su kuwa sababbin mutane da aka shigo da su ma'aikata ko ƙungiya don su kawo sabon tunani, ko shekarunsu nawa.

10. Atisayen mako guda

Ka raba shafin littafinka gida biyar, kowane gida da ma'ana ɗaya daga mataki na 2. Kwana biyun farko, duk inda ka ci karo da “new” ka kwafe jimlar ka sa ta a gidanta. Ba sai ka je nesa ba, wayarka cike take da ita: “new message”, “new contact”, “new group” a WhatsApp, “new password” da “confirm new password” a manhajar banki. Ka ƙara da kanun labaran jarida ɗaya.

Kwana na uku da na huɗu, ka rubuta jimloli goma a kan rayuwarka, biyu a kowace ma'ana, ka karanta su da ƙarfi kana naɗa. Kwana na biyar, ka ɗauki jimlolin nan ka gwada sa “fresh”, “latest”, “recent” ko “another” a gurbin “new”, ka duba ƙamus ka ga inda ma'ana ta sauya. Kwana na shida ka kai wa malami ko wani da ya fi ka Turanci ya duba. Kada ka tsallake wannan, domin mutum ba ya ganin kuskuren da ya saba da shi.

Ranar ƙarshe ka gwada kanka da waɗannan. Ka rufe amsoshin, ka gyara kowace jimla tukuna.

“I bought a new brand motorcycle.”
“She told me a good news.”
“My pen is lost, give me a new.”
“We need new equipments.”
“He is new for this school.”
“They newly opened the shop.”
“This model is more new than that one.”

Amsoshin a jere: “I bought a brand-new motorcycle.” “She told me some good news.” “My pen is lost, give me a new one.” “We need new equipment.” “He is new to this school.” “They have just opened the shop.” “This model is newer than that one.”

Wadda ka faɗi a cikinsu, ka koma matakinta: ta ɗaya da ta bakwai suna mataki na 6, ta biyu da ta shida mataki na 7, ta uku da ta huɗu mataki na 4, ta biyar mataki na 5. Ka sake rubuta jimloli uku naka na kanka a kan wannan ƙa'idar kafin ka rufe littafin.